Rigar Sanyin Auta

Injin busar da kayan nan Auta ne ya saya wa Inna, ganin kafaɗarta ta daina kaiwa igiyar shanya. To, tun da Allah ya karɓi yaron, injin ya sake hali: ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa, ɗaki ya cika da ƙauri, sannan ya tsaya cak.

Mai gyara ya zo ya janye shi daga jikin bango, ya kwance bututun da ke fitar da iska. Ya zura hannu, ya zaro wani dunƙule kamar auduga.

"Inna, tunkiya kike kiwo a ciki? Burbushin zare ya toshe hanyar iska, dole ya yi zafi. Allah ne ya tsare, da yanzu zancen gobara ake."

"Kai dai yi aikinka, ɗan nan, bakinka ya fi hannunka sauri."

Ya ƙara zarowa, sai ya tsaya yana jujjuya abin.

"Ikon Allah. A kowane gida burbushin nan kala-kala ne. Naki duk shuɗi."

Inna ta shiga ɗaki ta fito da rigar sanyin Auta, shuɗiya. Ba wanke ta take yi ba, ina! Kullum da safe sai ta jefa ta cikin injin a bushe, ta fito da ɗumi, ta rungume ta. Ɗumin nan kamar yanzu Auta ya tuɓe ta.

Mai gyara ya ɗaga rigar saitin taga. Haske na ratsa bayanta, gwiwar hannun kuwa ta zama raga. Wasan bakinsa ya ƙare.

"Inna, injin zai tashi. Amma duk juyin da ya yi, yana cin rigar nan. In kika ci gaba, wuyanta kawai zai rage miki."

"Ashe ni ce nake cinye shi," ta ce a hankali.

Ya share bututun, ya ɗaura, ya kunna. Iska ta fita sumul. Ya ɗauki tsintsiya zai kwashe shuɗin tulin.

"Bar min shi."

Bayan ya tafi, ta tattara burbushin a ɗankwalinta ta ƙulle. Ta daɗe tsaye gaban injin da rigar a hannu, sannan ta zare wayarsa daga bango. Ta zauna ta rungume rigar haka nan, da sanyinta.