Yatsa Ɗaya da Rabi

Auta ba ta gama kashe mota ba ta fara ƙwala wa mai taya kira. Murna ce ta cika ta, irin wadda ke sa mutum ya manta da gaisuwa. Ta diro da tef ɗin awo a hannu, ta tsallake tulin tsofaffin tayoyi da bahon ruwan da ake neman huji a ciki, ta tsaya masa a ka.

"Malam, taya za ka canza mini, duka huɗun. Wilin da motar ta zo da shi ka bar mini abina. Mai gajeren gefe kawai nake so."

Mai taya ya dubi Auta, ya dubi motar. Doguwar mota ce mai ƙofar ja, wadda ake zugewa gefe, irin ta kwasar iyali, da ƙarafa biyu kwance a kan rufinta. Ya tuntsire da dariya.

"Malama, ai samari ke sa wannan don gayu. Motarki kuwa ko kwalli aka sa mata ba za ta yi gayu ba."

"Ni ba gayu nake nema ba. So nake ta rage tsawo."

Ga yadda abin yake. Baban Auta magini ne, kuma da hannunsa ya gina garejin gidansu, ya zuba lintar ƙofar, wato simintin da ke samanta, daidai tsawon ƙaramar motarsa ta wancan zamani. Da ɓarin jikinsa ya shanye, Auta ta sayar da tata motar ta sayo wannan don keken guragun da Baba ke hawa ya shiga. Ranar da ta kawo ta, motar ta sa kai gareji, linta ta ce ba ta san zance ba. Yatsa ɗaya da rabi ne kawai ya hana. Ƙarafan rufin ba sa kwancewa, linta kuwa Baba ya ce duk wanda ya sa mata guduma ya fara da kansa, don ɗakin sama a kanta ya zauna.

Daga ƙofar gareji zuwa titi gangare ne mai santsi, keke ba ya tsayuwa a kansa. Saboda haka, tunda motar a titi take tsayawa, duk ranar zuwa gashin ƙashi a asibiti sai Yaya, babban wan Auta, ya sungumi Baba a hannu ya sauka da shi, masu shaguna na kallo suna jera masa sannu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗora buhun siminti a kafaɗa, yau shi ake ɗauka. Rannan ya ce ya gama, ba wanda zai ƙara ɗaukarsa a gaban mutane, gashin ma ya yafe. Likita kuwa ta ce ƙafar da aka daina motsawa ba ta jira. Wannan maganar ce ke hana Auta sukuni, kuma gobe da safe ne ranar komawa.

Mai taya ya ji labarin, ya daina dariya. Ya durƙusa ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya nuna mata lambar tsakiya.

"Kin ga sittin da biyar ɗin nan? Tsayin gefen ke nan. In muka sa hamsin da biyar, faɗin na nan, wili na nan, mota ta sauka kamar yatsa ɗaya da rabi. Amma ki ji da kyau. Kowane rami sai kin ji shi a haƙoranki. Agogon gudu zai riƙa yi miki ƙari kaɗan. Kuma mai ƙarfin ɗaukar kaya zan sa miki, ba ta yara ba."

"Sa. Haƙoran nawa ne."

Ba ta iya zama ba. Jak na ɗaga mota tana zagaye ta, ana kwance noti tana tara su a tafin hannu kamar wani ya sa ta. Da aka sauke tayar ƙarshe sai ga rata ta buɗe tsakanin taya da jikin mota, motar ta koma kamar ƙato sanye da takalmin ƙanensa. Mai taya ya ce gaskiya ta ƙara muni. Auta ta ce ita ba ta taɓa ganin mota mai kyaunta ba. Aka loda mata tsofaffin tayoyin huɗu a baya, ta biya ta shagon Yaya ta ɗauko shi don ya zama shaida.

Yaya mutum ne da in ya shiga mota sai ta yi ajiyar zuciya. Ya baje a kujerar tsakiya, ya leƙa kai ta taga yana kallon sama, Auta ta hau gangaren a giyar farko.

"Taho. Taho. A hankali, Auta, ba tsere ake ba. Taho."

Inuwar gareji ta rufe gilashin gaba, ta rufe sitiyari, ta wuce. Ba ƙara, ba gurza. Auta ta taka birki ta kife kai a sitiyari tana dariya har da hawaye, hon na ta kuka ba ta ma ji ba. Yaya ya fito yana bubbuga rufin mota kamar ɗansa ne ya ci jarrabawa. Suka sauke tsofaffin tayoyin, ya ce yana da mai so, kafin magariba an zo an kwashe su.

Ta ruga ɗakin Baba kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Baba ya saurara har ta kai aya, idonsa a kan bango.

"Kin kyauta. Allah ya yi albarka. Amma na riga na ce ba ni zuwa."

Da safe ta sake gwadawa, amsar ba ta canza ba. Yaya ya tafi sarin kaya tun asuba. Ranta a ɓace ta shiga mota don ta je ta ba likita haƙuri, ta sa ribas, ta saki birki. Ba ta yi taku biyu ba ta ji ƙiiii a saman kanta, ƙurar siminti ta zubo a gilashi.

Ta fito ta ɗaga kai. Ƙarfen rufin ya ciji linta. Ta dubi bayan motar, ta ga ya ɗaga, nan take ta gane wautar da suka tafka. Jiya da Yaya da tayoyi huɗu motar ta shiga. Da aka sauke su sifirin ya miƙe, ta koma ta ɗago. Yanzu ga ta a ciki, ba hanyar fita.

Ƙarar keke ta ji a bayanta. Baba ne, yana tura kansa da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya, fuska a murtuke.

"Wa ya taɓa mini linta?"

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya dubi gurzar, ya dubi tayoyin, leɓensa ya fara rawa. Sai dariya ta kufce masa, ta farko tun da ya kwanta, har yana tari.

"Ku biyu, da tef ɗinku, kuka auna mota da wannan ƙaton a ciki?"

"Da tayoyi huɗu kuma, Baba."

"To yanzu fa?"

"Ni kaɗai ba na danne ta. Sai da wani a baya."

Ya dubi ƙofar garejin, ya ga motar ta kare shi daga titi, ba idon kowa. Ya tura keken har jikin ƙofar ja, inda daɓen da ya zuba da kansa yake shimfiɗe lif.

"Ja ta gaba tukuna, ki cire ta daga jikin lintar. Sannan ki danne mini birkin keken nan. Kada ki taɓa ni."

Ya kama hannun ƙofa da hannunsa mai lafiya. Ya yunƙura ya koma. Auta ta haɗa hannayenta a baya ta matse, don kada su kai masa da kansu. A yunƙuri na biyu ya miƙe, ya juya, ya faɗa kujera yana haki, motar ta ɗan nutsa a ƙarƙashinsa.

"Naɗe keken ki sa can baya, saitin tayoyin baya. Nan ne take ɗagawa."

Ta sa ribas. Baba ya zuge gilashi ya leƙa sama.

"Taho. Miƙe sitiyarinki. Taho."

Linta ta wuce ta kansu shiru, hasken safiya ya faɗo cikin motar. Masu shaguna suka ɗago, suka ga Baba zaune a kujera da gwiwar hannu a taga. Wannan karon shi ya fara ɗaga musu hannu.

A ramin farko na titi motar ta buga har haƙoransa suka haɗu. Ya ce tayoyin banza ne. Can ya gyara zama, ya dubi Auta ta madubi.

"Ke nan in mun dawo ma sai da ni za ta shiga."

"Sai da kai, Baba. Jibi ma haka."

"To rage gudu," in ji shi. "Ƙarfe nawa likitar ta ce?"