Ɗan Aike Tsakanin Barade da Iware

Gawar Mama Cecilia ta daɗe a ɗakin ajiye gawa na asibiti kafin ɗanta, Fada Philemon, ya iso Jalingo daga Roma. Shi a zatonsa shi ake jira. Sai da ya ajiye jaka a gidansu na unguwar Barade ya sha ruwa, sannan Keziah, matar yayansa, ta gaya masa ba rashinsa ne ya hana jana'iza ba. Rigima ce.

Yayansa Elias ya ce a makabartar coci za a sa ta, kusa da babansu, haka Mama ta faɗa masa da bakinta. Kawu Matiyu, wan Mama da ke garin Iware, ya ce 'yar gidansu ba ta kwanciya a ƙasar wasu, bayan gidan ubanta za ta koma. Ga shi Elias da Kawu sun yi shekaru ba sa ga maciji, tun wata gardama a kan gona.

Philemon ya saurara yana kallon silifas ɗin Mama a bakin ƙofar ɗakinta. Tun cikin jirgi yake jiran kuka ya zo masa. Bai zo ba. Matan zumuntar coci sun rungume shi suna rusa kuka a kafaɗarsa, shi kuwa abin da ya lura da shi kawai, an canza musu zanen anko.

"Fada, kai ne ka yi karatun sulhu a can," in ji Elias. "Ka je ka gaya wa Kawu abin da na ce. Ni ƙafata ba za ta taka gidansa ba."

"Yaya, tarihi na karanta."

"Duk ɗaya ne. Ka je."

Maƙwabcinsu, Alhaji Maishanu, dillalin dabbobi da ya san su tun suna yawo ba wando, shi ya ce zai kai shi a akori-kurarsa, da ma yana da harka a wajen. Suka kama hanya da hantsi. Bayan sun bar gari, Alhaji ya rage rediyo.

"Ni fa abin nan ya ɗaure min kai, Fada. Mu da tuni an manta an yi. Amma kowa da nasa. Wai shekarun nan duk me kake karantawa?"

Philemon ya ce rayuwar wani mutum ce da ya mutu shekara ɗari huɗu da suka wuce. Ya ba shi labarin kamar yadda ya saba bayarwa a gaban malamai, ba hawa ba sauka. Ɗan wani ƙaramin gari ne a ƙasar Italiya, ya karanta shari'a, ya zama Fada, ya yi aikin rubutu a fadar Fafaroma. Da aka ga yana da haƙuri kuma bakinsa ba ya zuba, sai aka naɗa shi Akbishop, wato babban limamin coci, na wani birni da ya daɗe da zama kufai, wanda bai taɓa gani ba, don dai ya sami muƙamin tsayawa gaban sarakuna. Daga nan aka tura shi jakada wata ƙasa mai sanyi inda sarakuna biyu ke yaƙi.

"Ya sasanta su?"

"Ya yi ta kai da kawo a kan doki har ƙafarsa ta lalace. Wani lokacin ya yi watanni a zaure sarki bai ba shi izinin shiga ba. Daga baya aka kira shi gida. Bayan tafiyarsa suka shirya."

"Sai aka yi masa me?"

"Aka ba shi wani ɗan yanki ya riƙe. A can ya mutu yana gyaran rufin coci."

Alhaji ya kauce wa wani rami, ya girgiza kai. "To, duk mutanen duniya, me ya sa shi ka zaɓa?"

"Ba wanda ya taɓa rubutu a kansa," in ji Philemon. Bai gaya masa cewa kafin ya taso malaminsa ya ce an ba shi gurbi a makarantar da ake horar da jakadun Fafaroma, ana jiran amsarsa ba.

Sun tarar da Kawu Matiyu a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Philemon ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya riƙe masa hannu ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, da irin Hausarsa, "Uwarka ya tafi, Fada. Ni na goya shi a bayana."

Philemon ya isar da saƙo. Elias cewa ya yi a gaya wa tsohon nan ya fita harkar uwarsa. Abin da Philemon ya faɗa shi ne Yaya yana gaisuwa, yana kuma roƙon a duba abin da Mama ta bari. Kawu ya ce a gaya wa wancan mara kunya ko gawar za ta shekara a ƙanƙara ba zai sa baki ba, kuma ba mutum ɗaya daga Iware da zai je. Abin da Elias ya ji da yamma shi ne Kawu yana cikin baƙin ciki ƙwarai, yana neman lokaci.

Haka aka yi ta yi. Wata rana a motar Alhaji, wata rana a motar haya, a matse tsakanin mata masu buhunan doya. Yakan tashi ya yi Mas ɗinsa, ibadar coci, da safe, ya ci abin da Keziah ta ajiye masa ba tare da ya san ko mene ne ba, ya kama hanya. Sau ɗaya Elias ya ce su biya asibiti ya ga Mama. Philemon ya ce sai an gama magana. Bai ji tsoro ba, bai kuma ji marmari ba. Kamar dai an ce masa ya je ya duba mitar wuta.

A zuwansa na ƙarshe ne Kawu, yana cikin faɗa, ya ce wani abu da Philemon ya tsinta.

"A kasuwa na ji! Mai sayar da gishiri ne ya ce mini sannu da haƙuri. Na ce haƙurin me? Ƙanwata, ciki ɗaya, a bakin mai gishiri!"

Philemon ya bar shi ya gama. Sannan ya ce Yaya ya kawo wata shawara: a kawo Mama Iware da safe, ta shiga gidan ubanta, danginta su yi mata abin da za su yi, sannan a mayar da ita Jalingo. Kuma Yaya da kansa zai rako ta ya faɗi mutuwar a gaban Kawu. Elias bai taɓa cewa haka ba. Kawu ya murza ƙotar nan, can ya ce, "In shi ya faɗa."

Da Philemon ya koma Barade ya gaya wa Elias cewa Kawu ya sauko, ga abin da yake roƙo. Elias ya yi tsaki, ya zaga tsakar gida, ya ce, "Tunda shi ya roƙa."

Philemon ya san ƙarya ya yi, sau biyu. Ya duba cikinsa ko zai ji nauyinta, bai ji ba. Ya dai sa a ransa zai faɗa a wurin ikirarin zunubi a coci.

Ranar jana'iza motar asibiti ta yi gaba, matan zumunta na biye a bas suna waƙa. A Iware aka ajiye akwatin a tsakar gidan da aka haife ta. Elias ya tsaya gaban Kawu, hula a hannu, ya ce, "Kawu, Mama ta rasu." Tsohon ya ce, "Na ji," ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ba su yi musabaha ba. Ba kuma wanda ya tambayi ɗan'uwansa wa ya fara kawo shawarar.

Tsofaffin mata suka buɗe akwatin. Nan Philemon ya ga fuskarta. Ta yi duhu, ta ƙanƙance, kuma an ɗaura mata ɗankwali ta gefen da ba ta ɗaurawa. Ya yi tunanin ya faɗa, sai ya ga an riga an fara waƙa.

Shi ya jagoranci Mas a Jalingo. Muryarsa ba ta karye ko sau ɗaya ba, har mutane suka riƙa cewa Fada akwai bangaskiya. A makabarta ya yayyafa ruwa mai tsarki, ya zuba ƙasa, ya matsa gefe don masu shebur su yi aikinsu. Kawu da mutanensa suka hau mota tun kafin a raba abinci.

Bayan kwana biyu, ana kwance rumfuna a ƙofar gida, wayar Philemon ta yi ƙara. Malaminsa ne daga Roma. Ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce ba ya son matsa masa, amma makarantar na son jin matsayinsa, in har shugabanninsa na gida sun amince. Philemon ya tsaya a jikin katanga yana kallon masu ɗora kujerun roba a kan keke. Ya ce to, zai zo.

Keziah ta leƙo daga ɗakin Mama da zannuwa a hannu, ta ce za a raba kayan, ko akwai wanda yake so a ajiye masa.

"Duk wanda ya rage," in ji shi.

Ya shiga ciki ya tambayi Elias ko wace rana mota ke zuwa Abuja da wuri.