Agogon Kusurwar Allo

Yana da shekara arba'in da huɗu Direba ya fara koyon saka kyamarar tsaro, kuma a hannun ƙanin matarsa, yaron da ya sha goge wa majina. Kamfanin da yake ja wa babbar mota ne ya rufe, sunan kawai ya bi shi gida. A gida yaron kan ce masa Yaya. A wurin aiki kuwa Direba ne ke ce wa yaron Oga, ya riƙe tsani, ya ja waya cikin silin, ya sha faɗa in kyamara ta karkace. Oga ya ce in watan nan ya ƙare lafiya zai fara tura shi aiki shi kaɗai, kuma Direba ya san ba shi da wata ƙofar in wannan ta rufe.

Da hantsi aka kira su wani shagon magani da suke kula wa kyamarori. Kwalin allura mai tsada, wanda aka kawo jiya ƙarfe huɗu na yamma, ya yi ɓatan dabo. Suka cunkusu a ɗan ɗakin baya inda na'urar adana hotunan kyamarorin take: Hajiya mai shagon, da su biyu, da wata dattijuwa mai shara da kowa ke kira Iya, tana ta murza bakin mayafinta.

Oga na ciro linzamin kwamfuta daga bayan na'urar, idon Direba ya faɗa kan agogon kusurwar allo. Huɗu da rabi na yamma. Ya dubi na hannunsa, goma da rabi na safe. Makon jiya shi ya canja ƙaramin batirin na'urar, agogonta ya rikice. Ya gyara kwanan wata, yana shirin gyara awa Oga ya danna masa ham ɗin mota daga waje, ya fito a guje. Da aka tambaye shi ko ya saita agogo, "Na saita" ya ce, don kada a sake kiransa tsoho mai mantuwa.

"Kai ni jiya, bayan ƙarfe huɗu," in ji Hajiya.

Oga ya shigar da lokacin. Hoton ƙofar baya ya fito, kuma kamar da gayya, sai ga Iya rungume da kwali tana fita. A ƙasan hoton an rubuta huɗu da minti arba'in.

"To, ga shi nan!" Hajiya ta buga tebur. "Shekara tara, Iya! Shekara tara ina ba ki makullin shagona!"

"Wallahi Hajiya kwalin banza ne. Da safe nake fitar da su, kullum da safe."

"Da safe? Na'ura ce za ta yi miki ƙarya?"

Direba ya matsa kusa da Oga, ya buɗe baki, sai ya ji takalmi ya danne masa yatsun ƙafa. Oga bai ko kalle shi ba. Ashe shi ma ya gani. Shaguna biyar Hajiya ke da su, duka Oga ke duba musu kyamara, kuma mace ce da ba ta ba mutum dama sau biyu. Direba ya haɗiye maganarsa. Tsoro yake ji, tsoro zalla, na komawa gida ya gaya wa matarsa cewa aikin da ta roƙa masa wurin ƙaninta ya watsar da shi da hannunsa.

Hajiya ta ɗauki waya ta fara neman lambar 'yan sanda. Iya ta dafa bango ta durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, yadda masu ciwon ƙafa ke yi.

"Ki rufa mini asiri, 'yar nan. Jikokina na makarantar bayan layin nan. Kada a wuce da ni ta gabansu."

Wayar ta fara ringi. Sau ɗaya, sau biyu. Direba ya zare ƙafarsa daga ƙarƙashin takalmin.

"Hajiya, ki kashe wayar. Agogon na'urar nan ya yi gaba da awa shida. Ni na canja batir ban saita shi ba. Abin da kika gani goma da minti arba'in na safe ne, lokacin ko allurar ba ta iso ba."

Ya mayar da allon kan hoton yanzu, ya ɗora agogon hannunsa kusa da shi. Hajiya ta dubi wannan ta dubi wancan, ta kashe wayar. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi muni ke nan. Ta ce wa Oga ya nemo mata hoton ƙarfe huɗun jiya na gaskiya, in ya gama ya rubuta mata lambar sirrin na'urorin shagunanta duka biyar ya ajiye a kan tebur.

"Direba, jira ni a waje," in ji Oga. "Bar jakar kayan a nan."

Ya ajiye jakar ya fita ta ƙofar baya. Yana tsaye a inuwar tankin ruwa Iya ta fito tana karkaɗe ƙura daga gwiwoyin zaninta. Ya gyara tsayuwa, don gaskiya ransa ya so ko da "Allah ya yi maka albarka" ne, ya samu abin riƙewa zuwa gida.

Ta tsaya ta dube shi da jajayen idanu.

"Ɗan nan, yaushe ka gane agogon ba daidai yake ba?"

"Tun da muka shigo, Iya."

"Tun kafin in durƙusa ke nan."

Ta ɗauki tsintsiyarta da ke jingine da bango ta koma ciki.