Ƙofar Bayan Motar Baba

Sau biyu cikin wata guda Baba ya buɗe ƙofar mota tana cikin tafiya. Na farko a bakin shataletale, Allah ya kiyaye, Auta ya damƙo rigarsa. Na biyu kuwa sai da ƙafarsa ta taɓa kwalta, takalmin ya fice, wata babbar mota ta bi ta kansa. Auta ya gangara gefen titi ya kifa kai a sitiyari. Baba kuma sai faɗa yake yi.

“Kai wane irin yaro ne? Maigida zai sauka, ka riƙe ni!”

Maigidan nan ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Baba ya yi masa direba shekara talatin da huɗu, wannan tsohuwar motar ma shi ya ba shi ranar da ya ajiye aiki. Direba ne irin na da, wanda da ya ja birkin hannu zai zagayo da sauri ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya a miƙe har a fito. Yanzu mantuwa ta cinye masa sunayen ’ya’yansa da hanyar gidansa, amma wannan ɗabi’a tana nan daram. Auta ke tuƙi, Baba na gefensa, Inna a baya. Da mota ta rage gudu, sai hannun tsoho ya nufi mariƙin ƙofa.

To, Auta mai wayarin ne, wato mai gyaran wutar mota, kuma a garejinsu ba a haɗa shi da kowa. Ya ce wallahi ba za a yi na uku ba. Ya sayo kayan kulle na lantarki da rimot, ya tura motar ƙarƙashin rumfa.

Mai walda ya leƙo yana dariya. “Wannan akwalar za a sa wa rimot? Ka fara sa mata haƙora tukuna.”

Auta ya kama aiki. Ya kwance murfin cikin ƙofofin, sukurorin duk sun yi tsatsa, biyu sai da ya sare su. Kowace ƙofa ya ɗaura mata ɗan injin da ke ja da tura sandar makulli, ya bi da wayoyi ta cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, ya sa fis kusa da batir. A ƙofar Baba ya ƙara wani mai fizgar sakata, yadda da an danna rimot ƙofar za ta ɓalle da kanta. Sannan ya zo kan abin da yake ta gudu tun safe, wato zare sandar da ta haɗa mariƙin ciki da sakata. Minti ɗaya ne aikin, amma ya daɗe riƙe da filaya. Ubansa zai kulle, ba wani ba. Ya zare ta, ya bar sufirin a wurinsa don mariƙin ya riƙa jawuwa yana komawa, kada tsoho ya ji kamar an karya masa mota.

Da ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma mai wayarin in ya ga abu yana jinkiri, sai ya ce lalacewa ce. Auta ya daɗe da lura cewa Inna ba ta taɓa buɗe ƙofarta. Ko rana ta kai ina, tana zaune tana gumi har sai Baba ya lallaɓo ya buɗe mata. Ya gwada mariƙin, ya ji ya ɗan yi tauri. Ya ce, “Allah sarki, ashe yatsunta ne.” Sai ya sa wa ƙofarta irin na Baba, har yana jin daɗin zai burge tsohuwa.

Ranar ganin likita suka fita da hantsi. A mahaɗar farko Baba ya ja mariƙi, shiru. Ya sake ja, ya dubi hannunsa, ya dubi ƙofar. Tausayi ya kama Auta, amma a karon farko cikin wata guda hannuwansa biyu suna kan sitiyari.

A harabar asibiti ya kashe mota, ya danna maɓalli na ɗaya. Ƙofar Baba ta ɓalle. Tsoho ya fito, ya gyara zaman hularsa, ya kama zagayowa yana dafa jikin mota, taku ɗaya sai ya huta. Rana ta take, Inna na fifita da gefen mayafi. Auta ya ce a ransa ai wahalar nan ta ƙare, ya danna na biyu.

Ƙas! Ƙofar baya ta buɗe. Saura taku biyu Baba ya kai, har ya miƙa hannu.

“Auta, me ka yi?” in ji Inna. Ta yi wuf ta jawo ƙofar ta rufe, da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Ta ƙwanƙwasa gilashi. “Malam, ba ta buɗu ba. Zo ka buɗe mini.”

Ina! Baba ya riga ya gani. Ya juyo wajen Auta, ya cire hula, ya ɗan rusuna.

“Ranka ya daɗe, an ɗauki wani direba ne? Tsufa ne ya sa na yi nawa, a yi haƙuri. Ban taɓa barin kowa ya buɗe da kansa ba.”

“Baba, ni ne fa. Auta ne.”

“Ba komai, ranka ya daɗe. Na gode da zaman da aka yi.”

Inna ta sauke gilashi, hawaye na bin kuncinta. “Hannuna lafiyarsa ƙalau, ɗan nan. Shi ke nan aikin da ya rage masa a duniya, shi ya sa nake jira.”

Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A nan harabar ya buɗe gaban mota ya fizge wayar ƙofarta da hannu, har ta yanke shi. Ya yi kuka kamar ba magidanci ba, masu wucewa na zaton mutuwa aka yi musu.

A hanyar komawa motar ta rage gudu a mahaɗa shida, Auta yana ƙirgawa. Hannuwan Baba suna kan cinyarsa, hular a tsakaninsu, ko motsi. Da suka iso ƙofar gida Auta ya danna masa rimot, ƙofarsa ta ɓalle. Tsoho ya fito, bai waiwayi baya ba, ya shige gida a hankali yana bin bango.

Inna ta ce, “Kada ka taɓa ƙofata. Wataƙila ya dawo.”

Tana nan zaune a baya da jakarta a cinya har injin ya huce.