Orval Bai Jefa Ba

Wani dare a kakar 1954, Lorene ta ji wata ƙara daga rumbun masararsu, kamar an shaƙe agwagwa. Ta leƙa. Mijinta Orval Dudek ne tsaye da ƙwallo a ƙugu, ya haɗa ƙahon tsohuwar motarsa da agogon girki.

"Lafiya, maigida?"

"So nake in ji muryar abin da zai kore ni."

Shekara tara yana cin abinci da ƙwallon kwando a garinsu da ke jihar Indiyana ta Amurka. Ba shi da tsawo, ba gwanin jifa ba ne. Baiwarsa riƙo. Da ƙungiyarsu ta shiga gaba, sai a miƙa masa ƙwallo, ya yi ta buga ta da ƙasa yana kewaye fili, minti biyar, minti bakwai, har lokaci ya cika. 'Yan kallo su buɗe jarida, wasu su jefe shi da ɓawon gyaɗa. Shi kuwa cewa yake a wannan tsit ɗin ne yake jin ƙwallon tana numfashi.

Sai aka kawo sabuwar doka: a jefa cikin daƙiƙa ashirin da huɗu, in ba haka ba ƙaho ya busa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa.

"In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja," in ji kocinsu, Haskins. "Ran Asabar ka jefa, ko ka ajiye mini rigata."

Ran Asabar suna gaba da maki biyu, ƙwallo ta zo hannun Orval. Kwando ga shi nan, ba mai tsaro. Ya juya masa baya. Mutum uku suka rufar masa, ya zille musu kamar tarwaɗa.

'Yan kallo suka ɗau ihu: "Jefa, kunkuru! Jefa mana!"

Bai jefa ba. Ƙaho ya busa. Ya miƙa wa alƙalin wasa ƙwallon da hannu biyu, ya tuɓe rigar, ya ninke ta a kan benci.

Washegari da hantsi Orval da Lorene suna shan gahawa a baranda, maƙwabcinsu Elmer ya jingina da shinge.

"Sarkin riƙo! Don Allah, da ba su busa ba, sai yaushe za ka saki?"

Lorene ta ƙara wa mijinta gahawa.