Ɗarin Illo

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, rijiyoyin garinmu Tozai suka ƙafe, aka bar mu da famfon sola guda. Yayana Illo ne mai kula da shi. Sai ga Illo kwance a asibitin Isa da karayar ƙafa, famfo kuma ya kwana biyu a tsaye.

Ta waya ya kwatanta mini yadda zan canza fis ɗin da ya ƙone a akwatin wutar famfon, na canza. Sannan ya ce, "Jamilatu, in kin ɗaga makunni, kak ki taɓa koren maɓalli. Akwai wani gwangwani ciki, kafasito, sannu ya ka shan wuta. In kin danna bai cika ba akwatin ƙonewa za shi yi, kuma babu wani sai Sakkwato. Tasbihi ɗari ni ka ja kahin in danna." Layi ya katse, bai sake shiga ba.

Na ɗaga makunni. Mata na bayana da jarkoki, Yero makiyayi na gefe da shanunsa, haƙarƙari duk a waje. Inno, mahaifiyarmu, ta karɓi ƙirga. Matar da ta shekara hamsin tana jan carbi, kafin in share zufa ta ce, "Ɗari ta cika, danna."

Yatsana na kan maɓalli sai na tuna. Illo fa mai i'ina ne. Kafin ya fitar da subhanallahi ɗaya, Inno ta yi uku.

"Inno, ɗarinki da na Illo ba ɗaya ba."

Yero ya ce, "Ɗiyata, shanu na hwaɗuwa, mi a ka jira?"

Hanya ɗaya gare ni ta sanin tsawon ɗarinsa. Tun muna yara ni ce gwanar kwaikwayonsa, sai na sa shi kuka nake bari. Na karɓi carbin, na fara ja da bakin Illo, ina sarƙewa inda yake sarƙewa, a gaban jama'a. Aka yi dariya. Tsoro da kunya suka haɗe mini, amma ban gaggauta ba. Kafin in kai hamsin ba mai ko tari.

Na cika ɗari, na danna. Akwati ya yi gurnani, bututu ya fesa iska, ruwa ya biyo.

Inno ta miƙo hannu ta karɓi carbinta, ba ta dube ni ba.

"Haka ya ka yi," ta ce. "Ko wuri ɗaya ba ki kuskure ba."