Tayar Mota a Babur ɗin Onelio

Duk wanda ya zauna a garin Cárdenas ya san babur ɗin Onelio, ko bai gan shi ba ya ji shi, domin idan ya buga shi da safe har dawakan da ke jan keken haya sai sun ɗaga kunne. Tsohon babur ne na Amurka, ƙirar tun kafin juyin juya halin ƙasarsu, gadon mahaifinsa. Suna ne kawai na Amurka, ciki kuwa taron dangi ne: fitila ta tarakta, sarƙa daga injin masana'antar sukari, tayoyi na ƙaramar motar Rasha, masu faɗi kamar tafin hannu. Tun shekarun da komai ya ɓace daga kanti ya ɗaura su, kuma a kansu ya tsufa.

Tayoyin nan su ne abin kunyarsa. Bana kuma kunyar ta ƙaru, domin shi ne mafi tsufa a cikin masu tsofaffin babura na garin, shi zai ja ayari ranar Lahadin da suke zuwa maƙabarta gaida 'yan uwansu da suka riga su. Ya daɗe yana jiran wannan gaba, ya binne abokai da yawa kafin ta zo kansa. Matsala ɗaya ce: 'yarsa Yaimara, ma'aikaciyar jinya, ta riga ta yanke hukunci tun da ya karye a haƙarƙari bara, cewa ya ƙara faɗuwa ta karɓe makulli.

Sai ga surukinsa Ovidio daga birnin Miami na Amurka da tayoyi biyu naɗe a bargo, na ainihi, masu zagayayyen baya, irin waɗanda aka haifi babur ɗin da su. Onelio ya sunsuna su. A falo ya ɗaura su, domin a falo babur ɗin yake kwana, tsakanin firji da hoton aurensu.

Matarsa Nereida ta tsaya tana kallonsa yana shafa robar. "Tsoho, ni dai ban tuna ranar da ka shafa ni haka ba."

"Ke ba a jirgi aka kawo ki ba," in ji shi. Ya shuri tsofaffin tayoyin. "Fitar min da waɗannan. Ko a lahira ba na son mu haɗu."

Ya fito gwaji da farar riga. A miƙe babur ɗin ya tafi sumul, har ƙwalla ta taru masa. Amma akwai abin da ya manta, ko kuma bai taɓa sani ba. Babur mai tayar mota ba ya kwanciya a kwana, kokawa ake yi da shi, a danna da kafaɗa, a ja da ƙugu kamar ana juya alade mai taurin kai. Shekara talatin da ɗoriya jikinsa ke wannan kokawa ba tare da ya tambaye shi ba. Da ya iso kwanar da 'yan domino ke zama suna buga wasansu a kan tebur, sai ya danna yadda ya saba. Babur ɗin bai yi musu ba. Ya kwanta gaba ɗaya, ya ja mai shi a ƙasa har gaban wani doki da ke tsaye yana jiran fasinja.

Dokin ya dube shi. 'Yan domino suka ɗaga shi suna kakkaɓe masa riga, bakinsu kuwa bai huta ba.

"Onelio, maƙabartar ai sai Lahadi, gaggawar me kake yi?"

"Ku bar shi, da Turanci tayar ke ji, shi kuma bai iya ba."

Ya bar musu ajiyar babur ɗin, ya ɗingisa gida da dabara a ransa: ya mayar da tsofaffin tayoyi kafin Yaimara ta tashi daga aiki, ya ce gwiwar hannunsa ƙofa ce ta buge shi.

"Ina tayoyina?"

"Waɗanda ba ka son gani a lahira?" in ji Nereida. "Na ba maƙwabci. Ya tsaga su, aladensa na cin abinci a ciki."

Ya leƙa ta katanga. Gaskiya ne, kuma aladen yana jin daɗinsu.

Labari ya riga shi isa asibiti. Yaimara ta shigo da auduga, ta wanke masa ciwo ba tausayi, sannan ta miƙa hannu.

"Papi," ta ce, yadda take kiransa tun tana yarinya.

"Taya ce sabuwa, sai na saba da ita."

"Ƙashinka kuma tsoho ne. Kawo."

Ya ba ta. Ta tafi ɗauko babur ɗin, shi yana tsaye a ƙofa yana jiran ya ga ta turo shi, domin abin da ta sani shi ne ɗan babur ɗinta na lantarki da yake kira injin ɗinki. Sai ya ji ƙara. Ta ɓullo daga kwanar nan a kai, ta ɗan karkata, babur ɗin ya bi ta a hankali, ya miƙe da kansa. Bai taɓa ganin babur ɗin mahaifinsa ya sha kwana da kyau haka ba. Ya ji alfahari, amma kishi ya fi yawa.

Ranar Lahadi aka jeru, babura masu tayar mota da masu tayar tarakta, kowa da furanni. Ba wanda ya yi maganar canza jagora, al'ada ta ce mafi tsufa ne a gaba, ba ta ce a wace kujera ba. Onelio ya hau bayan 'yarsa, ya riƙe furanni da hannu ɗaya, ya sunkuyar da kai yadda 'yan domino ba za su ga idonsa ba.

A kwanar farko jikinsa ya yunƙura zai yi abin da ya saba, babur ɗin ya yi rawa.

"Papi, daina tuƙi," Yaimara ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Kama ni kawai."

Ya so ya ce ita wa, shi da ya koya mata tafiya da ƙafa. Amma ga wata kwanar tana zuwa, ga ayari duka a bayansa. Ya kama ƙugunta, ya rufe ido, ya bari ta kwantar da shi tare da babur ɗin a kwanar.